Sallamar Dillali

A tsaye na sayar da gidana na Faskari, a ƙofar gidan wani abokin aikina a Kankara, ranar sunan jikansa, da ɗan ƙullin dabino a hannuna. Wani Alhaji mai sayar da hatsi ya taya, na ce albarka, ya ƙara, na ce na sallama. Mutum biyun da ke tsaye kusa da mu suka zama shaidu ba tare da sun shirya ba. Gidan da na ɗebe shekaru ina ginawa ɗaki-ɗaki ya bar hannuna tun ba a gama rabon goro ba. Na tsaya ina jira in ji wani abu a ƙirjina, ko daɗi ko zafi. Ban ji komai ba sai yunwa, don ban karya ba na fito.

Ni malamin firamare ne. Faskari aka fara tura ni, can na yi aure, can na sayi ɗan fili a bayan gari na riƙa aza bulo duk ƙarshen wata. Ɗaki uku ne da zaure da rijiya. Ba wani gidan a zo a gani ba ne, amma ba ya yoyo. A cikinsa uwar 'ya'yana ta rasu, wata damina, bayan 'yar gajeruwar jinya. Da aka yi sadakar arba'in na kwashe yara na kai wa mahaifiyata a Kankara, na nemi canjin wurin aiki, aka ba ni. Na rufe gidan ban ko waiwaya ba.

Makullin na ba wani dattijo dillali, wanda dama shi ya samo mani filin tun farko. Mutumin wani ƙauye ne can wajen Sabuwa, amma kusan kullum yana Faskari, a gindin wata bedi kusa da tasha, da tsohon babur ɗinsa da waya ɗaure da roba. Fili, gona, gida, har injin niƙa, in dai na sayarwa ne to ya san da shi. Baba nake ce mashi, shi kuma ya ce mani Malam. Na ce, "Baba, ga makulli. Duk wanda ya taya da mutunci, ka kira ni." Ya karɓa da hannu biyu ya ce Allah ya kawo rabo.

Rabo bai zo ba. Damina ta zagayo ta wuce, wata ta sake zagayowa. A tsakanin nan mutanen ƙauyuka suna ta kwararowa cikin Faskari saboda 'yan bindiga, har shago da garejin mota an mai da su ɗakin kwana, amma wai gidana mai ɗaki uku da rijiya ya rasa mai so. Jifa-jifa Baba zai kira ni ya ce, "Malam, kasuwar ce ba ta buɗe ba, a ƙara haƙuri." In ce to. Wanda ya san ni a da ya san ba haka nake ba. Ni ne wanda hedimasta ke aikowa a lallashe ni tun kafin a zauna taron malamai. Amma tun rasuwar nan abin ya mutu murus. In ci abinci, in shiga aji, in yi salla, in kwanta. Mutane suna ta yabon haƙurina. Ba haƙuri ba ne, ban dai damu ba ne kawai.

Matsi ne ya sa na sallama ranar sunan nan. Gidan mahaifiyata ya yi mana kaɗan, babbar 'yata ta fara tasawa, ba ta da inda za ta canza kaya sai ta kori ƙannenta waje. Akwai wani kango a bayan layinmu da mai shi ke neman kuɗi ido rufe. Kuɗin Alhaji na shigowa na tura wa mai kango, sai ɗan abin da na rage na kwano da siminti.

Bayan an gama wannan ne Alhaji ya kira ni a waya. Shi ma mutumin Sabuwa ne. Zama ya gagare shi a can, ya kwaso iyalinsa ya zuba su a sitonsa na hatsi a Faskari, tsakanin buhunan masara. Muka gaisa, ya ce, "Malam, sai ka yi wa 'yan hayarka magana su tashi kafin Juma'a ta sama. Tsohuwata ba ta barci, warin maganin ƙwarin da ake sa wa hatsi ya kama mata ƙirji."

Na ce, "Waɗanne 'yan haya?"

Ya ce, "Yo ba kai ka zuba su ba? Ai gidan cike shike da mutane."

Sai ya ba ni labari. Ashe bara ya nemi gidan. Dillalina ko zaure bai bari ya wuce ba. Ya ce mashi gara ta cinye katakon rufi, Alhaji ya ce zai gyara. Ya ce rijiya ta ƙafe, Alhaji ya ce zai yashe. Da ya ga mutumin ba shi da niyyar tafiya, sai ya jawo shi gefe ya raɗa mashi cewa tun da matar gidan ta rasu ba a kwana lafiya a ciki. A nan Alhaji ya haƙura. Daga baya ya riƙa ganin yara na shige da fice a gidan, sai ya gane an yi mashi wayo ne, shi ya sa da ya ji ni ne mai gidan a wurin suna bai tsaya wasa ba. Yana ba ni labarin yana dariya. Da zai kashe waya ya ce, "Kuma ka sallami dillalinka, Malam. Ban son a zo ana bi na da maganar la'ada."

Haka al'adar take a wajenmu. Ko da a bayan idon dillali ka sayar, in dai makulli na hannunsa, sai ka sallame shi, wato ka ba shi la'adarsa, don ya sha rana a kan kayanka. In ka hana ba kotu zai kai ka ba. Zai dai zauna a gindin bishiyarsa ya ba da labarinka, kuma ranar da ka tashi neman ko akurkin kaji ne a garin, ba mai nuna maka.

Na gaya wa mahaifiyata. Na ce ko sisi Baba ba zai gani ba, mutumin da ya zuba 'yan haya a gidana yana cin kuɗin, kuma ya rasa abin da zai yi ƙarya da shi sai mamaciya. Ina faɗa ina jin muryata kamar ta wani mai karanta sanarwa. Na san dai ya kamata in yi fushi, shi ya sa nake faɗin kalmomin fushi. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Ka tahi da haƙƙinshi cikin aljihu. In ka je ka ga bai cancanta ba, ka dawo da abinka. Amma kada ka tsaya gaban dattijo hannu rabbana." Na cire daga kuɗin siminti na naɗe a baƙar leda.

Da safe na shiga mota. Saboda 'yan bindiga, direbobin hanyar ba su tashi sai rana ta ɗaga, kuma sai sun haɗu biyu ko uku sannan su bi juna. Muna wuce Mabai kowa ya yi tsit, har mai goyon da ke ta surutu tun daga tasha. Ni ina ta shirya abin da zan faɗa wa Baba, in jera in rushe. A wani wuri ma na yi gyangyaɗi.

Layinmu bai canza ba, sai dai mutane sun ƙaru, fuskokin da ban sani ba zaune a kan kowane dakali. Tun daga nesa na ji ana daka a gidana. Na zo ƙofa na tsaya. Na so in sa kai ne kawai, sai na ji muryoyin mata a ciki, ƙafata ta ƙi. Haka na tsaya a ƙofar da ni na saya na kafa, na yi sallama. Wata tsohuwa ta amsa daga ciki. Jim kaɗan sai ga Baba ya fito yana gyara hula. Ya rame, rigar ta yi mashi yawa. Bai razana da ganina ba. Ya ce, "Malam, sannu da hanya," ya shimfiɗa mani tabarma a zaure, ya sa aka kawo ruwa a kwanon sha.

Ban sha ba. Na ce, "Baba, nawa kake karɓa duk wata?"

Ya ce, "Karɓar mi?"

"Kuɗin haya."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Ba haya ba ce, Malam. Iyalina ne."

Ya yi bayani ba tare da ya ja ba. An tashi ƙauyensu ne 'yan watanni bayan na ba shi makulli. Ya fito da matarsa, da 'ya'yansa mata biyu da mazajensu ba su fito ba, da jikoki. Suka kwana a tasha. Ga makullin gida babu kowa a aljihunsa. Ya ce mako ɗaya ya yi niyya, kafin ya samo masu wuri. "Kullum in ce gobe zan kira ka in gaya maka. In na kira sai in ji bakina shina cewa kasuwa ba ta buɗe ba."

Na ce, "Masu saye fa?"

"Sun zo, da yawa ma. Ni ke kawo su, ni ke korar su."

"Har da marigayiya ka sa a ciki."

Daga ciki an daina daka, na san suna saurare. Can Baba ya ce, "Shi Alhajin nan ya ƙi jin ta gara, ya ƙi jin ta rijiya. Ita kaɗai ta rage mani. Ta sha ba ni fura a zauren ga. Allah ya yafe mani, kai ma ka yafe."

Na zauna ina jiran fushin ya taso. Wallahi na ba shi lokaci. Na tuna yadda take miƙo kwanon furar ta bayan labule, na tuna abin da aka raɗa a kanta a ƙofar gidanta, na ce yanzu zai zo. Bai zo ba. Wani ƙuda ke ta zagaye bakin kwanon ruwan, shi nake kallo.

Baba ya ce in shiga in ga gidana. Na ce ba nawa ba ne yanzu, na sayar. Ya ce ya ji, ai a tasha aka fara ba shi labari. Duk da haka ya leƙa ya ce mata su kintsa, muka shiga. An share tsakar gida tas. An yaɓe inda katanga ta tsage, an yi wa rijiya murfi da wani tsohon kwano. Matan suka durƙusa suka gaishe ni, kowace ta ja mayafi, yara suka jeru jikin bango suna kallona. Ɗakin da marigayiya ta rasu a ciki a buɗe yake, an jingine tabarmi a lungu, ga igiya an rataye kayan yara. Na duba shi yadda mai saye zai duba. Na lura an canza sakatar ƙofar.

Muka dawo zaure. Na fito da baƙar ledar na ajiye a gabansa. Na ce, "Ga la'adarka, Baba."

Ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Ai ban sayar ba, Malam. Hanawa na yi. Ina ka taɓa jin an ba dillali la'adar hana ciniki?" Ya ɗan murmusa, murmushin bai daɗe ba. "In dai sallamata za ka yi, ka sallame ni da lokaci. Ka bar mu zuwa kaka. In an yi girbi wasu za su koma ƙauye, ɗakuna za su samu."

Na ce, "Baba, na riga na sallama. Kuɗin ma sun tafi."

Ya ce, "Na sani. Na dai ce in faɗa."

Abin da ya roƙa ke nan, kuma shi ne kaɗai abin da ba ni da shi. Na ce bari in kira Alhaji, ko shi zai iya. Yana kasuwa, bai daɗe ba sai ga shi a kan babur, rigarsa duk ƙurar masara. Mutumin kirki ne, ba zan ce ba. Da ya ga Baba sai ya yi dariya ya ce, "A'a, mai iskoki, ashe kai ne iskokin." Da ya ji yadda abin yake sai dariyar ta tsaya. Ya zauna a bakin tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Na ce, "Alhaji, ko za a ɗaga masu zuwa kaka?"

Ya girgiza kai. "Malam, da ina da hali wallahi da na yi. Tsohuwata zaune take kwana. Likita ya ce in ba a fitar da ita daga cikin hatsin nan ba, to in shirya. Na ƙara masu mako guda a kan Juma'ar, iyakar abin da zan iya ke nan."

Na ce, "To siton da za ku bari fa? Su shiga can mana."

Ya ce, "Ƙanena ke jiran shi da nashi iyalin. Suna barandar wata makaranta."

Na duba fuskar wannan na duba ta wancan, ban ga wanda zan yi wa faɗa ba.

Baba ne ya miƙe. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce tunda ga mai saye ga mai sayarwa, bari a yi abin yadda ake yi, ciniki a ƙofar gidan suna ba ciniki ba ne. Ya aika aka kira maƙwabta biyu. Ya zagaya da mu bayan gida ya nuna wa Alhaji iyaka, ya nuna mashi indararon da ke zuba ta gefen maƙwabci da yarjejeniyar da aka yi a kansa. Muryarsa ta koma irin ta gindin bedi, mai ƙarfi, ta mai tallar kaya. Ya ce, "Alhaji, ka yi dace. Babu gara ko ɗaya, katakon nan sai jikokinka. Rijiya ko da bazara ba ta ƙafewa, maƙwabta ma nan suke ɗiba." Ya ɗan tsaya. "Kuma ana kwana lafiya. Mu shaida ne."

Ya kama hannuna na dama ya kama na Alhaji ya haɗa. Tafinsa a bushe yake, da sanyi. Ya tambaye ni ko na sallama, na ce na sallama. Ya tambayi Alhaji ko ya karɓa, ya ce ya karɓa. Ya ce Allah ya sa albarka, Allah ya sa a shiga a sa'a, ya sa gidan zama ne. Muka shafa. Ta cikin gida na ji ana jan tukwane.

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya ba shi la'adar ɓangarensa, kamar yadda aka saba, ya hau babur ya koma kasuwa. Maƙwabta suka watse. Na ɗauko baƙar ledar daga kan tabarma na sake miƙa mashi. Na ce, "Yanzu kam ka yi aikin. Karɓi, ka kama haya da shi."

Ya karɓa, bai buɗe ba ya zura a aljihu. Ya ce, "Na gode, Malam. Amma ni ne dillalin garin nan. Da akwai ɗaki ko ɗaya, ni zan fara sani."

Na ce, "To ina za ku?"

"Zan ƙara dubawa. In ba a samu ba sai ƙauye. An ce wasu sun koma, suna biyan mutanen daji su bar su su zauna." Ya dafa aljihun da ya sa kuɗin. "Ka ga wannan sai ya yi amfani."

Ya raka ni tasha, ya yi wa direba magana aka ba ni gidan gaba. Yana tsaye har muka tashi. A hanya na sayi rake na sha, na tofar da ɓawon ta taga. Da na isa gida mahaifiyata ta tambaye ni ko na sallame shi, na ce na sallame shi. Ta ce madalla. Ban ƙara mata komai ba, ita ma ta ga fuskata ba ta nema ba.

Aka fara aikin kango. Ina tashi daga makaranta in je in tsaya kan magina, in yi faɗan siminti ba don raina ya ɓaci ba, don dai kada su ga sako-sako. Ranar da wa'adin ya cika Alhaji ya kira ni bayan an sauko daga masallaci. Ya ce ya karɓi makulli, an bar mashi gida a share, har randuna an cika da ruwa. Tsohuwarsa ta samu ɗakin da ke kallon gabas. Na ce Allah ya ba ta lafiya.

Da yamma na kira lambar Baba. Ba ta shiga ba. Washegari na sake kira, na kuma kira bayan mako. Can wajen ƙauyen nasu dama babu sabis.